Ƙararrawa a Ƙasar Ladanai: Abin da Maƙwabci Ke Ji a Ibadar Katolika

A Galma Kudawace, ƙaramar hukumar da ke gundumar Madawa ta jihar Tawa, kiran salla ne ke raba wa mutane yini. Da shi manomin gero yake sanin lokacin fita, da shi mai lambun albasa yake ajiye aiki. Kusan kowa Musulmi ne, kamar sauran Nijar, inda ƙidayar 2012 ta nuna Musulmi sun kai kashi 99 cikin 100. Sai dai mutanen wannan yanki, daga Madawa zuwa Buza da Keita, matafiya ne tun kaka da kakanni. Da an kai amfanin gona rumbu samari ke kama hanyar cin rani zuwa Kano, Legas, Kwatano, Lome ko Abijan. A can da yawa daga cikinsu suka fara jin ƙararrawar coci da sassafe, suka ga layin mutane riƙe da ganyen dabino ran wata Lahadi, suka kasa tabarmar sana'a a gindin katangar da waƙa ke kwararowa daga bayanta.

Wanda ya yi talla a unguwar Plateau ta Abijan ya san babban cocin Saint Paul da aka buɗe a 1985. Wanda ya ratsa Yamusukuro ya ga ƙubbar cocin da shugaba Houphouët-Boigny ya gina, wanda Fafaroma John Paul na Biyu ya keɓe a 1990. Akan dawo gida da labarin girman gini da daɗin waƙa, amma abin da ake yi a ciki da dalilin yinsa ba kowa ya bincika ba. Alhali kuwa kunnen da ya tashi da ƙira'a da ƙasida da zikiri yana da shirin da zai gane abubuwa da yawa a wannan ibada, ko da zuciyar mai shi ba ta yarda da aƙidarta ba.

Su wane ne Katolika a nan?

Mutumin Madawa ya fi sanin Kirista ta asibitin Galmi, wanda ke kan babbar hanya tsakanin Madawa da Birnin Ƙonni. Ƙungiyar SIM ce ta buɗe shi a 1950, ita kuwa ta Furotesta ce, tafarkinta daban. Katolika su ne mabiya cocin da Fafaroma ke jagoranta daga Roma, su ne mafi yawa a cikin Kiristocin duniya, kimanin mutum biliyan 1.4. A Nijar dai ba su kai kashi 1 cikin 100 ba. Da yawansu ma'aikata ne da 'yan kasuwa masu asali daga Benin, Togo da Burkina Faso, sannan akwai 'yan ƙasa a cikin Gurmawan Makalondi, da yankin Dolbel, da Dogon Dutsi.

Sawunsu a ƙasar Hausa ya fi yadda ake zato daɗewa. A 1710 wasu limamai biyu na ɗariƙar Faransiskan, Carlo Maria da Severino, suka taso daga Tarabulus saboda labarin da suka ji cewa akwai Kirista a kudancin Barno. Suka keta Fezzan, suka biyo ta Agadas, ajali ya riske su a Katsina a 1711 ba tare da sun kafa komai ba. Sai bayan shekara fiye da 200 aka dasa tushe a Nijar, lokacin da Fada François Faroud ya buɗe mishan a Yamai a 1931. Yamai ta samu bishop na farko a 1961, wato Hippolyte Berlier, wanda bayan ya sauka daga kujera ya koma zama cikin Buzaye a jihar Agadas. A 2001 aka yanke gabashin ƙasar aka yi dayosis ɗin Maraɗi, wato yankin da bishop guda ke kula da shi, wanda ya haɗa jihohin Maraɗi, Tawa, Damagaram, Difa da Agadas, aka ba Ambroise Ouédraogo, ɗan Burkina Faso, riƙonsa. Galma da Madawa da Buza da Keita duk cikin wannan yanki suke, kuma akwai majami'u masu limamai a Ƙonni da Tawa da Maraɗi. A 2014 aka naɗa Laurent Lompo babban bishop na Yamai, ɗan ƙasa na farko da ya hau wannan kujera.

A tsallaken iyaka ma abin ya yi jijiya, musamman cikin Maguzawan Katsina da Kano. A 2023 aka kafa dayosis a Katsina, garin da waɗancan matafiya biyu suka rasu, aka naɗa Gerald Mamman Musa, Bahaushe daga yankin Malumfashi, ya zama bishop ɗinsa na farko.

Musulmin Nijar da yawa sun san Katolika ta makaranta da agaji tun kafin su san su ta ibada. Kwalejin Mariama ta Yamai da makarantun mishan na manyan garuruwa akasarin ɗalibansu 'ya'yan Musulmi ne, kuma ƙungiyar agaji ta CADEV tana aiki a ƙauyukan da babu Kirista ko ɗaya.

Abin da ke gudana a cikin coci

Babbar ibadarsu ita ce Misa, kuma abin da ke fara burge baƙo shi ne tsarinta. Fada ba ya ƙago abin da zai faɗa a bagade. Addu'o'in rubutattu ne, tsayuwa da zama da durƙuso kowanne da wurinsa, jama'a sun haddace amsoshinsu. Karatun da aka yi a Maraɗi ran Lahadi shi za a yi a Roma da Manila, domin an tsara karatun Linjila ya zagayo cikin shekara uku: shekarar Matiyu, ta Markus, da ta Luka. Wanda ya saba bin liman a masallacin da bai taɓa shiga ba, ya kuma san inda za a yi ruku'u tun kafin a yi, ba zai sha wahalar gane amfanin wannan ba. Bakatolike daga Lome yana iya shiga cocin Tawa ya bi ibada ko da bai ji harshen ba.

Misa kashi biyu ce. Na farko karatu ne: a nemi gafara, a karanta wani yanki na Tsohon Alkawari, a rera Zabura, a karanta wasiƙun manzanni, sannan kowa ya miƙe tsaye don jin Linjila, fada ya yi wa'azi. Na biyu shi ne Jibin Ubangiji, inda ake keɓe gurasa da ruwan inabi. A aƙidar Katolika waɗannan sukan zama jiki da jinin Almasihu, shi ya sa a daidai nan ake kaɗa ƙaramar ƙararrawa, a durƙusa, coci ya yi tsit.

Launin rigar fada ma magana yake yi. Kore na ranakun yau da kullum ne, fari na Kirsimeti da Ista, ja na shahidai, shunayya kuma na lokacin tuba da jira. A manyan bukukuwa ana ƙona turare a ɗan kasko mai sarƙa, a turara bagade da littafi da jama'a.

Akwai sauran abubuwa da Musulmi zai ji kamar ya san su. Suna da carbi mai ƙwaya 59, an kasa 50 daga ciki goma-goma sau biyar. Ƙararrawar da ake ji da ƙarfe 6 na safe, da tsakar rana, da 6 na yamma kira ce ga gajeriyar addu'a da ke tuna saƙon da Mala'ika Jibrilu ya kawo wa Maryama. Suna da azumin kwana 40 kafin Ista, amma ba irin na Ramadan ba: ana shan ruwa, ana barin nama ranakun Juma'a, ana taƙaita abinci a ranar Larabar Toka, wadda ke buɗe azumin, da Juma'ar da ke gabanin Ista. A 2025 azumin biyu sun zo kusan tare, Ramadan ya kama a farkon Maris, Larabar Toka kuma ta faɗo ran 5 ga watan. Masu zaman zuhudu kuwa, waɗanda ke bin ƙa'idar da Benedict ya rubuta a ƙarni na 6, sukan taru sau bakwai da rana, sau ɗaya da dare, su sauke Zabura 150 cikin mako guda.

Waƙar da ba ta da kiɗa

Tsohuwar waƙar cocin Roma ana danganta ta ga Fafaroma Gregory na Ɗaya, wanda ya yi mulki daga 590 zuwa 604, ko da yake masana sun nuna siffar da aka sani yau ta kankama ne a ƙarni na 8 da na 9 a ƙasar da ta zama Faransa da Jamus. Da Latin ake yinta. Murya ɗaya ce kowa ke bi, babu ganga, babu tafi, babu bugun da ƙafa za ta taka. Kalmomin nassi ne ke jan murya: inda jimla ta tsaya a nan ake numfashi, inda kalma ta yi nauyi a nan ake jan wasali, wani lokaci a yi ta lanƙwasa shi har numfashi ya kusa ƙarewa. Mawaƙi ba ya neman a san muryarsa, gwaninta ita ce mutum ashirin su yi kamar mutum ɗaya.

Musulmi ba ya kiran ƙira'ar Alƙur'ani waƙa, kuma dokokin tajwidi nasa ne shi kaɗai. Amma wanda ya kwana yana sauraron Ishiriniya a daren Mauludi, ko ya ji makaho na rera Infiraji na Aliyu Namangi da murya zalla, ya riga ya san yadda kalma mai tsarki ke hawa murya ba tare da kayan kiɗa ba. Irin wannan kunne ba ya jiran ganga kafin ya natsu.

Da ka ake koyon waɗannan waƙoƙi tsawon ƙarnuka, yaro ya shekara goma yana hadda a gaban malaminsa. A ƙarni na 11 wani mai zaman zuhudu a Italiya, Guido na Arezzo, ya fito da hanyar rubuta sauti a kan layuka, ta yadda mutum zai rera waƙar da bai taɓa ji ba. Rubutun kiɗan da ake koyarwa yau a makarantun duniya daga nan ya samo tushe. Da aka iya rubutawa sai aka fara jera muryoyi huɗu, biyar, shida, kowacce da hanyarta amma su haɗu su daidaita. Palestrina, wanda ya rasu a Roma a 1594, shi ne gwanin da ake buga misali da shi a wannan fanni. Sassa biyar na Misa da ba sa canzawa, wato roƙon jinƙai, yabo, shaidar bangaskiya, tsarkakewa da roƙon salama, su mawaƙan Turai suka yi ta sa wa sabon sauti ƙarni bayan ƙarni. Mozart ya rasu a 1791 yana tsakiyar rubuta Misa ta mamata.

Yadda kora da tulu suka shiga coci

Har zuwa tsakiyar ƙarnin da ya wuce, Bakatolike a Yamai ko Zariya da Latin yake jin Misa, kayan kiɗan gargajiya kuwa a ƙofa ake barinsu. An gwada wata hanya a Kwango a 1958, inda Fada Guido Haazen da ƙungiyar yara mawaƙa ta garin Kamina suka ɗora kalmomin Latin a kan salon waƙar Baluba da gangunansu. Faifan da aka kira Missa Luba ya zaga duniya. Sannan babban taron bishop-bishop na Vatican na Biyu, wanda aka yi daga 1962 zuwa 1965, ya fitar da takarda a Disamban 1963 da ta buɗe ƙofa ga harsunan gida da kiɗan al'ummomi.

Babu inda wannan ya yi armashi kamar Keur Moussa a Senegal, ƙasar da ita ma akasarinta Musulmi ne. A 1963 masu zaman zuhudu tara suka zo daga Solesmes ta Faransa, gidan da ya farfaɗo da tsohuwar waƙar Gregory a ƙarni na 19. Mai kula da waƙarsu, Dominique Catta, ya shiga sauraron rediyo da waƙoƙin ƙauye, ya kamu da son kora, molon Mandinka mai tsirkiya 21. A hannun makaɗan gado ya koya, mutanen da suka gaji yabon sarakunan Mali. Sannu a hankali aka ɗora Zabura a kan kora da balafon da ganguna, ana rerawa da Faransanci da Wolof da wasu harsuna. Gidan ya buɗe wurin ƙera kora, ya sa mata maɓallan ɗaure tsirkiya a madadin zoben fata, kuma makaɗa da yawa da ba Kirista ba suna kaɗa irin wannan kora a yau. A 1993 aka ba su lambar yabo ta Albert Schweitzer saboda kiɗansu.

A ƙasar Hausa aikin ya faɗa hannun mata. Duk wanda ya taɓa wucewa ta cocin Katolika a Kaduna, Zariya, Malumfashi ko Sabon Garin Kano ya ji Zumuntar Mata: anko iri ɗaya, tulun ƙasa ana buga bakinsa yana fitar da amo mai zurfi, caki da ganga suna bi, zabiya ta bayar sauran su amsa. Salon bayarwa da amshi ne na dandali da na daka, aka sa masa kalmomin Littafi Mai Tsarki, wanda cikakkiyar fassararsa ta Hausa ta fara fitowa a 1932. A cocin Nijar kuma Misa ɗaya takan haɗa Faransanci da Hausa da waƙa ɗaya ko biyu daga harsunan baƙin da suka taru, domin jama'ar daga ƙasashe da yawa take.

Masu sauraro daga waje

Jin daɗin wannan gado bai taɓa tsayawa kan Katolika kaɗai ba. Johann Sebastian Bach Furotesta ne, mabiyin Luther har ya mutu, amma a 1733 ya aika wa sarkin Saksoni, wanda Bakatolike ne, sassa biyu na Misa da Latin, ya kuma kammala ta gaba ɗaya wajen 1749. Masana kiɗa suna sa ta cikin manyan ayyukan da aka taɓa rubutawa. Simone Weil, masaniyar falsafa Bafaransa da aka haifa a gidan Yahudawa, ta yi makon Ista na 1938 a Solesmes tana fama da ciwon kai mai tsanani, ta zauna tana sauraron waƙar, daga baya ta ba da labarin yadda kwanakin suka canza tunaninta, ba tare da ta zama 'yar coci a lokacin ba. A Afirka ta Yamma, Amadou Hampâté Bâ na Mali, Batijjane almajirin Tierno Bokar na Bandiagara, ya yi abota da limaman Katolika, ya rubuta littafi kan yadda Musulmi ke kallon Annabi Isa.

Ga Musulmi maganar tana da tsohon tushe. Sahabban da suka yi hijira zuwa Habasha sun samu mafaka wurin Najjashi, sarki Kirista, kuma ayoyin Suratu Maryam ne Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya karanta a fadarsa. A 1219, ana tsakiyar yaƙi, Francis na Assisi ya ƙetare sansani ya je wurin Sarki al-Kamil a Dimyaɗ ta Masar, aka karɓe shi, aka saurare shi, aka sallame shi lafiya. A Aljas, Musulmi, musamman mata, suna ziyartar cocin Notre-Dame d'Afrique da aka buɗe a 1872 saboda girman Nana Maryamu a wurinsu. Daga ɓangaren Katolika kuma, taron Vatican ya fitar da sanarwa a Oktoban 1965 da ta ce cocin yana girmama Musulmi, ta ambaci sallarsu da zakkarsu da azuminsu. Tun 1967 fadar Fafaroma ke aika wa Musulmi saƙon gaisuwa na azumi da salla. A Fabrairun 2019 Fafaroma Francis da Shehin Azhar, Ahmad al-Tayyib, suka sa hannu kan takardar 'yan'uwantaka a Abu Dhabi.

Inda hanya ta rabu

Duk wannan bai share bambanci ba, kuma masu hankali na ɓangarorin biyu ba sa ɓoye shi. Musulmi bai yarda da Triniti ba, wato aƙidar Allah ɗaya cikin uku, bai yarda an gicciye Annabi Isa ba, ga Katolika kuwa waɗannan su ne ginshiƙin Misa kanta. Siffofin da ke tsaye a coci sukan tayar wa Musulmi hankali, har da Furotesta da yawa, ko da yake Katolika suna cewa girmamawa suke yi, bauta ta Allah ce shi kaɗai. Kiɗa a wurin ibada ma malaman Musulunci sun daɗe suna saɓani a kansa. Abin da 'yan Ƙadiriyya ke yi da bandiri a Kano wasu malamai ba su amince da shi ba, balle kiɗan wani addini. Akwai wanda zai saurara ya yaba gwanintar muryoyi, akwai wanda zai ga barin sauraron ya fi masa, kowanne da hujjarsa.

Nijar ta ga abin da rashin sanin juna ke iya haifarwa. A ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015, zanga-zangar nuna fushi kan zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo ta rikiɗe a Damagaram da Yamai, aka ƙone coci-coci da dama, na Katolika da na Furotesta, aƙalla mutum 10 suka rasa rayukansu. Waɗanda aka ƙone wa wuraren ibada ba su da hannu a zanen. A cikin kwanakin nan kuma an samu Musulmi da suka ɓoye maƙwabtansu Kirista a gidajensu har ƙura ta lafa.

Mafi yawan Musulmin da ke shiga cocin Katolika zumunci ne ke kai su: ɗaurin auren abokin aiki, ko jana'izar maƙwabci. Ladubban baƙo ba su da wuya. Yana iya zama a kujerun baya, ya miƙe in an miƙe, ya ci gaba da zama in an durƙusa, ba wanda zai ga laifinsa. Namiji kan cire hula, takalmi kuwa ba a cirewa. In aka zo gaisuwar salama na kusa da shi zai miƙo masa hannu. Layin karɓar gurasa na Katolika ne kaɗai, baƙo sai ya zauna a wurinsa har a gama. Kirsimeti da Litinin ɗin Ista ranakun hutu ne a Nijar, kuma a daren 24 ga Disamba da daren Asabar ɗin da ke gabanin Ista ne mawaƙan coci ke fito da waƙoƙin da suka yi makonni suna bita. Ibadar daren Ista a waje take farawa, a hura wuta, a kunna babban kyandir, sannan a shiga da shi cocin da aka kashe wa fitilu, kuma takan ɗauki awa biyu zuwa uku.